Shekarar da Wule Ta Ci Inabin Malam

Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri. Gero dai ya sha, alhamdu lillahi, amma dawa da wake sai abin da Allah ya yi. Jiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, autana Habibu ya shigo da buhu ya zazzage almakasai a ƙasa, ya ɗauko dutse ya hau wasa su. Ya ce, "Inna, gobe in Allah ya kai mu za a fara yi wa inabi aski." Malam, maigidana, yana kan tabarma da rediyonsa a kunne. Da jin haka sai ya gyara zama ya juya wa yaron baya, wai shi labaru yake saurare. Na yi dariya har gyaɗa ta zube mini daga zane. Mutumin nan ya tsufa, ido ya yi rauni, amma halinsa yana nan inda na san shi.

Aski muke ce wa yankan inabi a gidan nan. Duk shekara in damina ta wuce sai a bi gindi-gindi a datse rassa, a tsige ganye, a bar itace tsirara a kan rumfa. Baƙon da ya zo wucewa sai ya riƙe baki ya ce wane mugu ne ya yi wannan ɓarna. To, muguwar farko ni ce, Dije, kuma duk garinmu Toranke an sani.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga rugarmu ta wajen Balan, Malam ɗan cirani ne. Da an gama kaka tas, an kai amfani rumbu, an kakkaɓe hannu, sai ya tafi Kano yana yi wa wani Kwara, ɗan ƙasar Labanan, ban-ruwan lambu, ba ya dawowa sai lokacin sharar gona. A gidan Kwaran nan ya ga inabi, ya ɗanɗana, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Wata shekara ya dawo da 'yan sanduna a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, yana riƙe da su kamar jariri. Na ce, "Malam, tsarabar birnin ke nan? Makamashi?" Ya ce, "Ke dai ki zuba ido."

Akwai wani kwari a bayan gidanmu mai tsohuwar rijiya. Nan ya kafa su, ya yi shinge da ƙaya, ya sari itace ya ɗaura rumfuna layi-layi. Suka kama kuwa. Kai, kamawa ta ban mamaki! Ganye ya rufe rumfunan nan ruf, ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Shekara ta zagayo, babu ɗa. Wata ta zagayo, babu. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ganye ya ƙara haukacewa, ɗa ko na rantsuwa. Mutanen gari suka samu abin yi. Wasu su ce Malam ya noma inuwa. Wasu su ce ai da ma abin da ake giya da shi ne, ina albarka za ta fito. Wannan maganar ta fi yi masa ciwo, har sai da Liman ya tsawatar, ya ce inabi ɗan itace ne na halal kamar dabino, wanda ya matse shi ya ɓata shi ne mai laifi. Aka daina zancen giya, aka ci gaba da zancen inuwa.

Ni ma ban raga masa ba. In ya dawo daga ban-ruwa, kafaɗa duk ta yi kanta saboda jan guga, sai in ce, "Sannu da aiki, yau kwando nawa aka tsinko?" Ya harare ni ya wuce. Amma ganye ɗaya bai yarda a taɓa ba. Shi a wurinsa abin da yake kore yana raye ba a sa masa ƙarfe. Haka ya tashi ya gani a gonar gero, kuma haka kowa ya sani.

Sai ga shekarar nan da nake faɗa. Ruwa ya sauka da kyau, aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, sai sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mu kwashe shanya muna murna, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa har da yara da dabbobi. Ganyen gero ya nannaɗe, ya yi fari. In ka murza zangarniya a tafin hannu ka hura, babu abin da zai saura. Wake ko fure bai yi ba, balle a yi zancen harawa. Abin da muka kai rumbu a shekarar, jaki ɗaya ya ɗauko shi bai yi nishi ba.

Tun kaka ba ta fita ba muka koma cin abinci sau ɗaya. Da safe kunu tsararo, wanda kake kallon fuskarka a ciki. Da rana a yaudari ciki da tafasa ko rama, in an samu ɗan ƙuli a barbaɗa. Tuwo sai da yamma, shi ma malmala ɗaya a raba. Iya, mahaifiyar Malam, tana tare da mu, kullum sai ta ce ita ta ƙoshi ta tura wa yara nata. Yunwa tana da wani wari a baki, wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba.

Ina goyon Jummai a lokacin, ta fara tsayuwa tana dafa bango. Nonona ya ƙafe ƙaf. Yarinya ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta fashe da kuka, ni ma in taya ta. Kunu kuwa in an ba ta sai ya bi ta da gudawa. Abu ɗaya cikinta ke riƙewa, madarar Wule. Wule saniyata ce, Baffana ya ba ni ita tun tana maraƙa, da ita aka rako ni gidan miji. Fara ce mai taurin kai, ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ni. To ita ma ga yunwa. Daji ya zama fili, ciyawar da ta ɗan fito dabbobin gari sun cinye har saiwa, ɗan karan da muka tara ya kusa ƙarewa. Madarar da ke cika ƙwarya ta dawo rabi, ta dawo iya gindin ƙwarya.

A duk ƙasar nan, in ka tsaya ka duba gabas da yamma, abu kore ɗaya ne ya rage. Garkar Malam.

Ranar da zai tafi Kano, don a shekarar bai jira lokacin cirani ba, na same shi yana ɗaure kaya. Na ce, "Malam, ganyen nan naka, ko ɗan kaɗan a riƙa ba Wule."

Ya ce, "Dije, kada ki soma."

"Ba ya haihuwa fa. Shekara nawa?"

"Zai yi. Na ga irinsa da idona, nonnan 'ya'ya har suna taɓa kan mutum. Ki ba shi ruwa safe da yamma, amana na bar miki. Zan aiko da abin da ya samu."

Ya tafi. Na riƙe amana, ina jan guga safe da yamma da Jummai a baya, ina zuba wa ganye ruwa, saniyata tana leƙowa ta saman shinge tana kuka. Aike bai zo ba, don birnin ma ya cika da irinsa masu neman aiki.

Wata safiya na fito da ƙwarya na tarar Wule a kwance. Na yi mata magana, ta dube ni, ta yunƙura ta koma. Sai da maƙwabta suka zo, wani ya kama wutsiya, wasu suka zura itace ta ƙarƙashin ciki, aka ɗaga ta. Kafin azahar mahauci ya iso ƙofar gida, ban san wanda ya gaya masa ba. Ya ce gara a yanka tun tana da sauran nama. Na ce ya tafi, ban kira shi ba. Na koma ɗaki na duba Jummai. Wuyanta ya yi siriri, idanu sun faɗa, ta daina ma kukan, sai dai ta bi ni da kallo. Tsayuwar da ta fara ta bari.

Na fito na tsaya a gaban Iya. Tsohuwar nan ta dube ni, ta dubi ɗakin da yarinyar take. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gadonta ta jawo lauje ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce, "Ni dai barci zan yi. Ban gani ba, ban ji ba." Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta.

Da farko ganye kawai na tsiga, ina yi ina waige kamar ɓarauniya. Wule ta cinye ta lashe ƙasa. Washegari na ƙaro. Da ganyen layin farko ya ƙare sai na ga tana son ɗanyun rassan ma, masu taushi, tana taunawa ruwa na zuba. Na sa lauje. Na datse duk wani reshe kore har sai da na kai ga itace mai tauri. Inda na yanka sai ruwa ya riƙa tsattsafowa yana ɗiga, wallahi kamar hawaye, har na kau da kai. Na gama layi na shiga wani. Na bar masa layi ɗaya kawai, na bakin rijiya, wanda ya fara dasawa. Ban-ruwa kuwa ban fasa ba ko sau ɗaya. Ina zuba wa sandunan nan ruwa ina cewa a raina, ko ba komai ya tarar da ƙasar a jiƙe.

Wule ta miƙe da kanta. Madara ta fara hawa a ƙwarya. In na tatso sai in ɗan ɗumama in ba Jummai da ludayi, ta riƙe hannuna da nata biyu don kada in janye. Rannan ina wanke-wanke na waiga na gan ta ta dafa turmi ta miƙe. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Labari ba ya kwana a garin nan. Wani da ya je Kano ya tare Malam ya ce masa, "An yi wa garkarka askin ƙwal-kwabo." Bai ƙara kwana biyu ba ya taho. Daga bakin titi ya yanko da ƙafa, da buhu a ka, bai shigo gida ba sai da ya bi ta kwari. Ina tsakar gida na ji sallamarsa, muryar ba tasa ba. Ya sauke buhun.

"Dije, dabbobin wa suka shiga garka?"

"Ba dabbobi ba ne. Ni ce."

"Ke?"

"Ni, da lauje. Wule ta ci. Ga 'yarka can tana tafiya."

Ya dubi Jummai, ta tako tana tangaɗi ta kama ƙafar wandonsa. Ya ɗauke ta, ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya sauke ta, ya nuna buhun da ƙafa, ya ce, "Dusa ce. Na saniyarki ne." Ya shige ɗaki. Da na kwance buhun na tarar da ɗan garin rogo a ƙulle a sama, sauran duk dusa. Ashe duk kwanakin nan abin da yake tarawa ke nan, ya ɗauko a ka tun daga titi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. In na gaishe shi ya amsa, in na ajiye abinci ya ci, amma ko sunana ya daina kira. Garka kuwa ya daina zuwa, ya ce ba zai iya gani ba. Ni na ci gaba da jan guga. Sanyi ya shigo, igiya tana yanka tafin hannu, ƙafa ta faffashe. Da itacen girki ya yanke, wata safiya na ji yana ce wa Iya zai je ya saro sandunan nan, ko wuta a hura da su. Ya ɗauki gatari ya fita.

Ban daɗe da ɗora tukunya ba na ji ana ƙwala kira daga kwari. "Dije! Dije!" Na ce shi ke nan, maciji. Na fita a guje ko mayafi babu. Na same shi a durƙushe a layin farko, gatari a yashe. Ni na riga na ga sandunan sun fara toho kwana biyu, ban ɗauke shi komai ba, na ce ganye ne zai dawo. Ya kamo wani sabon reshe da yatsa biyu. A jikinsa akwai wani ɗan curi kore, ƙanana-ƙanana kamar ƙwan kifi.

Ya ce, "Kin san mene ne wannan?"

Na ce, "Tsutsa ce?"

"Tsutsar gidanku! 'Ya'ya ne, Dije. Haka yake farawa. Haka na gan shi a gidan Kwara."

Muka bi layin nan gindi-gindi, ko'ina ga su. Na biyu ya fara, na uku yana kumburin toho. Muka zo layin bakin rijiya, wanda na tausaya wa na bari, ganye shar, ko ɗa ɗaya babu. Malam ya tsaya ya dube shi, ya dube ni. Na ce, "Ka ga wanda na bi maganarka a kansa." Ya buɗe baki zai yi magana, sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana share ido da hannun riga.

Daga nan aiki ya tashi. Zafi ya shigo, rijiya ta ja baya, sai an jira ta taru. Mutanen da suka ce ya noma inuwa su suka zo da kansu aka yi wa rijiyar yasa, ana miƙo laka a guga, Liman ma ya naɗe hannun riga. Da 'ya'yan suka fara ɗaukar ruwa sai tsuntsaye suka ji labari, su ma yunwar suke ji. Na yayyaga tsofaffin zannuwana, matan maƙwabta suka kawo nasu tsummokaran, muka bi nono-nono muna ɗaurewa. Garka ta koma kamar an yi shanya.

Azumi ya kama a tsakiyar zafin nan. Rana tun hantsi take cizo, ƙasa ba ta takuwa, ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Mutum ya yi sahur da ɗan gari ya wuni yana jan guga, leɓe ya bushe ya tsage. Kana aiki a ƙarƙashin rumfa, nonnan inabi suna gogar kanka, sun yi jawur, ƙamshi yana shiga hanci, ba halin taɓawa. Malam yakan ce wannan shi ne azumi biyu.

Ranar da ya yanko na farko, ya shigo da shi a tafin hannu gab da magariba, ya wanke ya sa a faranti. Muka zauna muna kallonsa muna jiran ladan. Da aka kira salla ya tsinki ɗaya ya ba Iya. Ya tsinki ɗaya ya matse wa Jummai a baki, ta yamutsa fuska, ta sake buɗe baki. Sannan ya turo mini farantin gaba ɗaya, bai dube ni ba, ya ce, "Mai aski, bisimilla." Na sa ɗaya a baki na fasa. Sanyi da zaƙi da ɗan tsami suka gangara maƙogwaron da ya wuni a bushe. Na ci abubuwa masu daɗi bayan nan, har a Makka, ban ƙara jin irin wannan ba.

Ya jera sauran a kwanduna da ganye a ƙasa, ya kai Gaya, ya kai Kano. Masu azumi suka yi rububi. Ya dawo da dawa da gero a kan jakuna, har da irin shuka. Duk gidan da ya ja guga ko ya ba da tsumma sai da aka kai masa kwano. Da wannan muka ga damina, mu da Wule.

A wannan zuwan nasa Kano ne ya biya gidan Kwara ya ba tsohon mai lambun gidan labari. Tsohon ya yi ta dariya, ya ce, "Ai duk shekara sai mun datse shi tas. Lokacin kana gida kana girbi. Kafin ka zo ya sake ganye." Shekara da shekaru yana ban-ruwa a gidan, rabin aikin kawai ya taɓa gani, kuma bai tambaya ba don bai san akwai abin tambaya ba.

Cirani dai daga nan ya ƙare. Garka ta ci kwarin nan duka, sunansa ya ɓace, sai Mai Inabi. Mutane daga Kademi da Ajingi suka riƙa zuwa karɓar sanduna, bai taɓa hana kowa ba, kuma kowa sai ya ce masa, "Ka yanka fa, kada ka ji tausayi." Shi ke faɗa! An taɓa yin wani baƙo da ya zo da mota ya ce zai saye amfanin shekara gaba ɗaya a kai inda ake matsewa a yi giya. Malam ya ba shi ruwa ya sha, ya cika masa leda kyauta, ya ce nasa na ci ne, ya raka shi har mota. Yanzu rumfunan na ƙarfe ne da waya, ruwa kuma sola ke jawowa, Habibu yana tsaye yana latsa waya masu saye suna kiransa tun inabi bai nuna ba. Jummai tana aure a Gaya, 'ya'yanta sun fi ni tsawo. In na gaya musu uwarsu ganyen inabi ta sha, sai su ce Inna ta fara.

Yau da safe muka sauka kwari, ni da Malam da sandarsa, ma'aikata suna tsaye suna jira. Habibu ya miƙa wa ubansa almakashi, kamar yadda yake yi duk shekara don girmamawa. Malam ya ce abin da yake cewa duk shekara, "Miƙa wa uwarka." A tsawon shekarun nan ya koya wa mutane da yawa aski, amma reshen farko bai taɓa iya sa masa ƙarfe ba. Ni kuma ba na son almakashin nan nasu, da laujen Iya na zo, ƙotarsa ce kawai aka sake.

Malam ya juya baya yana kallon rijiya. Na kama reshe na datse, na ƙara, na tsige ganye na tara a ƙasa.

"Kin gama?"

"Yanzu na fara."

"To, a hankali dai, Dije."

Da tarin ya yi runguma guda sai ya jingine sandarsa, ya sunkuya da ƙyar ya tattara. Habibu ya matso zai karɓa, na riƙe masa riga. Tsohon ya hau gangaren nan a hankali, ganye har haɓarsa, yana laluben hanya da ƙafa, ya nufi turken bayan gida inda farar saniyarmu take ɗaure, jikar jikar Wule. Tun daga nesa ta hango shi ta miƙe.